Wai hukumar SEC na ganin masu cin kasuwa da labarin cikin gida kuwa?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ke damuna wlh. Akwai wani hannun jari da nake bibiya, ya daɗe a kwance ba mai waiwayarsa, kawai sai ya fara tashi, kullum sai ya kai iyakar kashi 10 ɗin nan da kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, ta yarda a rana ɗaya, ba sanarwa ba komai, sai daga baya kamfanin ya fito ya ce sun samu babban mai zuba jari. Ni dai zuciyata ta ba ni waɗanda suka dinga kwasa kafin sanarwar wani ne ya tsegunta musu. Shin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, na ganin irin wannan kuwa? In tana gani ta ina take fara bincike? Don mu da muke tsaye a shago a Wuse safe zuwa dare muna tara ɗan abin da za mu saka, abin da ciwo ace wasu sun san amsa tun kafin a buɗe kasuwa.

Ɗan Dei-Dei: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq kai ma ka san amsar ai. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ginin SEC yana nan a Central Area kowa na wucewa ta gabansa, amma a nuna min babba ɗaya da ya kwana a Kuje saboda ya sayi hannun jari da labarin sirri.

Malam Auwal: Ɗan Dei-Dei bari a fara amsa tambayar mutumin tukunna, maganar ɗauri za mu zo kanta. Baban Sadiq ana gani. Ni aikina kenan a kamfanin dillalai, sashen da ke tabbatar da an bi ƙa'ida, kuma wasiƙun tambaya in sun zo teburina suke sauka. Abin da mutane ba su gane ba shi ne a kasuwar nan ba wanda ke saye a ɓoye. Duk cinikin da aka yi akwai lokacinsa har daƙiƙa, akwai sunan dillalin da ya shigar, akwai lambar shaida ta mai asusun, CHN, a CSCS inda ake ajiyar hannayen jari, ita kuma lambar a haɗe take da BVN da asusun bankinsa. Tsabar kuɗi a jaka ba ta shiga kasuwar.

Malam Auwal: Masu fara gani yawanci ba SEC ba ce, sashen sa ido na kasuwar ne, NGX RegCo. Suna da manhajar sa ido, SMARTS ta kamfanin Nasdaq, ita ke lura in farashi ko yawan ciniki ya kauce wa yadda aka saba, sai ta ɗaga musu tuta. Abu na farko sai a rubuta wa kamfanin a ce ku yi bayani, akwai wani labari da kuke riƙe da shi da jama'a ba su sani ba? In sanarwa ta biyo baya kamar yadda ka faɗa, nan ake shiga aikin gaske. Za a ce kamfani ya kawo sunan duk wanda ya san maganar da ranar da ya sani, daraktoci, sakataren kamfani, lauyoyin da suka rubuta yarjejeniya, masu binciken lissafi, masu ba da shawara na banki, har wanda ya buga takardun taron. Mu dillalai kuma a ce mu kawo sunan duk wanda ya sayi hannun jarin a wannan tsakanin. Sai a ajiye takardun biyu gefe da gefe.

Baban Sadiq: Toh amma Malam ai ba wanda zai saya da sunansa, ko yaro ya san wannan

Malam Auwal: Haka ne, darakta ma akwai lokacin da aka haramta masa taɓa hannun jarin kamfaninsa gaba ɗaya, musamman gab da fitar da sakamakon kuɗi, in kuma ya saya a lokacin da ya halatta dole a sanar da kasuwa. Shi yasa ake fakewa da mata, suruki, ƙanen mata, direba, ko wani kamfani da aka yi wa rajista don wannan kawai. Amma fom ɗin buɗe asusu yana tona asiri fiye da yadda kake zato. Adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, wanda aka rubuta a matsayin magaji. Sannan tarihin asusun kansa. Ka ga asusun da ya shekara ba a saye komai a ciki ba, mai shi albashinsa bai taka kara ya karya ba, ranar Litinin miliyoyi su shigo masa daga wani wuri, Talata ya zuba su duka a kamfani ɗaya tilo, sanarwa na fita ya sayar, kuɗin su koma inda suka fito. Wannan sawun kuɗin ake bi, kuma bankuna dama suna aika rahoton hada-hadar da ba su yarda da ita ba ga NFIU, hukumar da ke bin sawun kuɗaɗe. Inda ake shan wahala shi ne tabbatar da cewa wane ya faɗa wa wane. Mutum zai ce ni dai nazari na yi na ga kamfanin zai tashi, kuma saye da sa'a ba laifi ba ne.

Ɗan Dei-Dei: Yauwa ka zo inda nake. An gani, an haɗa takardu, an gane surukin wane ne. Sai me? Sai a kira su ofis a sha shayi a rabu. Ni ba na musun akwai na'ura, hukuncin nake tambaya.

Barista Hauwa: Slm. Ɗan Dei-Dei fushinka yana kan hanya amma akwai abin da ya kamata a bambance. SEC ba 'yan sanda ba ce, ba kuma kotu ba ce da za ta aika mutum gidan yari. Abin da ke hannunta shi ne ta nemi takardu, ta gayyaci mutum ya amsa tambayoyi, ta shiga ofishin dillali ta duba littattafansa, ta sa a yi binciken ƙwaƙƙwafi na lissafin kamfani, ta nemi a daskarar da asusu. In ta ga akwai magana sai ta kai gaban kwamitinta na sauraron ƙara, APC, kar a haɗa da jam'iyya, sunan ne kawai ya zo ɗaya. A nan wanda ake zargi zai zo da lauyansa ya kare kansa. Hukuncin da ke fitowa tara ce, ko dakatarwa, ko ƙwace lasisi, ko a haramta maka riƙe muƙami a kamfanin da jama'a ke da jari, ko a ce ka mayar wa mutane kuɗinsu. Wanda bai gamsu ba ya tafi IST, kotun musamman ta harkar zuba jari da ke nan Abuja, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. In akwai ɓangaren laifi mai ɗauri, fayil ɗin sai ya bi ta hannun masu gabatar da ƙara, Antoni Janar ko EFCC ko 'yan sanda, kuma can hujjar da ake nema ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Barista Hauwa: Misali Cadbury. A 2006 aka gano an yi shekaru ana kumbura lissafin kamfanin, abin ya kai wajen naira biliyan 13. SEC ta bincika, a 2008 ta yanke hukunci, ta haramta wa shugaban kamfanin da daraktan kuɗi harkar kasuwar, ta ci kamfanin tara, har masu binciken lissafin da suka sa hannu ba su tsira ba. Ga mutumin da duk rayuwarsa a wannan harkar take, haramcin nan ba shan shayi ba ne.

Alhaji Garba: Barista Allah ya yi miki albarka. Amma ki bar ni in taya yaron nan Ɗan Dei-Dei kaɗan, don mu mun ga 2008 da idonmu, lokacin da bankuna ke ba da bashi a sayi hannun jarinsu farashi na ta hawa, da abin ya rushe 'yan fansho da yawa ba su sake miƙewa ba. Ku ɗauki maganar kamfanin mai na Oando. A 2017 aka kai wa SEC takardun koke guda biyu, ɗaya daga Alhaji Dahiru Mangal, ɗaya daga wani kamfani Ansbury. Watan Oktoba na shekarar aka dakatar da cinikin hannun jarin, aka ce za a yi binciken ƙwaƙƙwafi. Farkon 2018 Sarkin Kano Sanusi ya shiga tsakani ya sasanta Mangal da kamfanin, amma binciken ya ci gaba, masu binciken lissafi na Deloitte suka yi. Ranar 31 ga Mayu 2019 SEC ta fito ta ce ta haramta wa shugaban kamfanin Wale Tinubu da mataimakinsa zama daraktoci na shekara 5. Ba a yi mako ba kotu a Legas ta ce a dakata. Aka yi ta shari'a, kamfani bai iya yin taron shekara ba, sai Yuli 2021 aka ji an yi sulhu, kamfani ya biya kuɗi ba tare da ya amsa laifi ko ya musanta ba. Shekara huɗu fa. Ni ban ce wane ne mai gaskiya ba, abin da nake cewa ƙaramin mai jari da kuɗinsa ke ciki shi ya zauna cikin duhu duk tsawon lokacin nan.

Ɗan Dei-Dei: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake ta faɗa kenan

Barista Hauwa: Baba gaskiya ne jinkirin yana cutarwa, ba zan kare shi ba. Sai dai babban abin da aka kai kotu a wannan shari'ar shi ne cewa ba a ba su damar kare kansu ba kafin a yanke hukunci, kuma wannan ƙofar ce lauyoyi suka fi bi a ko'ina. Hukumar da ta yi gaggawa ta tsallake mataki ɗaya, duk aikin shekara biyu sai ya zube a gaban alƙali. Shi yasa za ka ga suna ta rubuta wasiƙa suna jiran amsa, mai kallo daga waje ya ɗauka barci suke. Sulhun nan kuma ba a Najeriya aka fara ba, a Amurka yawancin shari'o'in SEC ɗinsu da sulhu suke ƙarewa. Ni abin da ya fi damuna shi ne a yi sulhu jama'a ba su ga cikakken rahoton ba, don masu jarin su ne masu kamfanin.

Ummi Gwarinpa: Anti Barista tunda an ambaci Amurka, mun karanta wata shari'a a makaranta da ta yi daidai da tambayar Baban Sadiq. Satumba 2008, ana tsakiyar rikicin tattalin arziki, daraktocin bankin Goldman Sachs suka yi taro ta waya suka amince attajiri Warren Buffett zai zuba dala biliyan 5. Ɗaya daga cikinsu, Rajat Gupta, yana ajiye waya ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira abokinsa Raj Rajaratnam mai kamfanin zuba jari, shi kuma ya kwashi hannun jarin bankin ana saura mintuna a rufe kasuwa. Da aka ɗora rajistar kiran waya kan lokacin ciniki sai abin ya fito fili, ga shi kuma FBI na naɗar wayar Rajaratnam da izinin kotu. Shekara 11 aka yanke masa a 2011, Gupta ya samu 2. Ita kuma 'yar kasuwa Martha Stewart da aka ɗaure wata 5 a 2004, ƙaryar da ta yi wa masu bincike da hana su aiki ne ya kai ta, ba cinikin kansa ba.

Malam Auwal: Madalla Ummi. Kun ga wayar nan ita ce gibin da na ce ana shan wahala a kai, kuma sabuwar dokar zuba jari da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta ba SEC ikon neman bayanan waya da na intanet don bincike. Amma kar mu ɗauka can ma ba sa faɗuwa. Bernie Madoff fa, wanda ya yi shekaru yana biyan tsofaffin masu zuba jari da kuɗin sababbi? Wani mai suna Harry Markopolos tun 2000 yake kai wa SEC ta Amurka lissafi yana cewa ribar mutumin nan ba za ta yiwu ba. Sun je sun duba Madoff ba sau ɗaya ba, suna karɓar takardun da shi ya buga da hannunsa, har lambar asusunsa ta wurin ajiyar hannayen jari ya ba su, ba su bi sun tabbatar ko cinikin da yake faɗa ya auku ba. Sai Disamba 2008 da kuɗi suka ƙare ya faɗa da bakinsa, dala biliyan 65 a takarda, aka yanke masa shekara 150. Mu a wajen aiki wannan ne karatun farko, takardar wanda ake zargi ba hujja ba ce sai wani na daban ya gaskata ta. Bayan nan ne a 2010 suka kawo tsarin biyan mai fallasa kashi 10 zuwa 30 na tarar da aka karɓa, akwai wanda ya samu dala miliyan 279 a 2023.

Alhaji Garba: Wannan tsarin shi muke buƙata. Akawun da ke cikin ofis ya fi kowace na'ura sanin abin da ake ƙullawa, amma yana da iyali, in ya yi magana gobe ba shi da aiki.

Ɗan Dei-Dei: Duk na ji. To CBEX fa, dandalin nan na intanet da ya yi ta alkawarin ninka wa mutane kuɗi? Afrilu 2025 abin ya rufe da kuɗin mutane, har aka fasa ofishinsu a Ibadan, kafin nan MMM a ƙarshen 2016. Watanni ana tallarsu a Facebook da WhatsApp da Telegram, ana taro a otal, ina na'urar take a lokacin? A kasuwar katako ta nan wajenmu ba wanda bai san wani da abin ya shafa ba.

Malam Auwal: Na'urar ba ta ganinsu Ɗan Dei-Dei, gaskiyar kenan ko da ɗaci. Duk abin da na lissafa a sama, CHN, CSCS, lokacin ciniki, na cikin kasuwa mai rajista ne. Waɗannan ba su taɓa shigowa ba. SEC ta ce CBEX ba ta da rajista da ita. Lambobin da mutum ke gani a waya suna ƙaruwa su suka rubuta, kuɗin gaske an mayar da su kirifto sun bi ta asusu bayan asusu sun ƙetare iyaka. Binciken irin wannan EFCC ke ja, sai an nemi taimakon Interpol da kamfanonin musayar kirifto na waje, SEC kuma tana da yarjejeniyar musayar bayanai da takwarorinta ta ƙungiyar IOSCO amma wasiƙa tana tafiya ne bayan kuɗi sun riga sun yi nisa.

Ɗan Dei-Dei: Ban yarda da wannan uzurin ba Malam. Abin da mai sayar da katako ya gani a wayarsa ma'aikacin hukuma ma ya gani. Ba sai da na'urar Nasdaq ba.

Barista Hauwa: Nan kam ina bayanka. Gargaɗi a shafin intanet da Turanci ba ya isa Dei-Dei ko Zuba, ya kamata a ji shi a rediyo da Hausa tun abin yana ɗanye, kuma a rufe asusu tun da kuɗi a ciki. Sun taɓa yi, sun sha rufe ofisoshin irin waɗannan a Kano da nan Abuja, don haka ana iyawa. Da can uzurinsu shi ne doka ba ta ambaci wannan damfarar da suna ba. Yanzu dokar 2025 ta ambata, tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ko duka biyun, ta kuma sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC. Uzurin ya ƙare. Mu ma dai a daina ruɗuwa da satifiket ɗin CAC da suke liƙawa a bango, wannan rajistar suna ce kawai, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba. Sunayen masu lasisi suna shafin SEC, kowa na iya dubawa.

Maman Ilham: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare, ina ta karantawa hankalina ya tashi. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar hannayen jari na bankuna, da muka zo rabon gado yayanmu ya je wurin dillalin aka ce masa an sayar da rabi tun tuni. Baba bai taɓa faɗa wa kowa ya sayar ba, shi mutum ne mai rubuta komai a ɗan littafinsa har kuɗin wuta, kuma ba mu ga kuɗin a asusunsa ba. Irin wannan ma SEC na dubawa ko sai na manya?

Alhaji Garba: Allah ya jiƙan Malam ya sa ya huta. 'Yata kar ku bari, haƙƙin marayu ne.

Malam Auwal: Amin. Hajiya wannan ya fi duk waɗanda muka tattauna sauƙin bincike, kuma an sha ƙwace lasisin dillalai a kansa. Kar ku tsaya kan abin da dillalin ya buga muku, ku nemi cikakken sitetimen daga CSCS kai tsaye, zai nuna ranar da aka sayar, guda nawa, a kan nawa, ta hannun wa. Mai bincike tambaya biyu zai yi wa dillali, ina takardar umarnin sayarwa mai sa hannun mai dukiya, kuma wane asusu kuɗin suka shiga. In babu takarda magana ta ƙare. In akwai sai a gwada sa hannun da wanda ke wurin rajistara mai riƙe da sunayen masu hannun jari da banki. Irin wannan ɓarnar ce ta sa aka kawo tsarin da kuɗin sayarwa ke faɗawa asusun bankin mai jari kai tsaye ba tare da sun kwana wurin dillali ba.

Maman Ilham: Na gode Malam. Toh mu wuce SEC ɗin kawai gobe? Daga Kubwa ba nisa

Barista Hauwa: A'a Yaya, ku bi mataki don kar a maido ku. Da farko sai kuna da takardar kotu da ta ba ku ikon kula da dukiyar mamaci, in ba ita ba wanda zai buɗe muku fayil ɗinsa. Sannan ku rubuta wa dillalin ƙorafi a takarda, ku sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafinku, kar ku yarda da maganar baki ko ku dawo mako mai zuwa. In ba su warware ba ku kai NGX RegCo, in nan ma ba ku gamsu ba sai SEC, bayanta IST. Ku haɗa da takardar shaidar rasuwa da sitetimen ɗin bankin Baba na watannin da aka ce an sayar, littafin nan nasa ma ku adana shi. Kuma sitetimen ɗin CSCS na zuwa hannunku abu na farko ku duba ranar cinikin ku gwada da ranar rasuwa, in an sayar bayan ya rasu to ba maganar ƙorafi kaɗai ba ce, takardar jabu ce, ku sanar da 'yan sanda ko EFCC a lokaci guda.

Maman Ilham: Toh Barista. Takardar kotun tana hannun yayanmu a Suleja, bari in kira shi yanzu ya turo min hotonta.